Buhu yana sito, littafi yana hannunka

Yarona, jiya kana tattara kayan aiki ka tambaye ni: "Maigida, tunda mai kamfanin nan na Ikeja ya riga ya biya kuɗin S3, me zai hana mu manna shi a kwamfutocinsa kamar faifan ajiya kawai?" To, saurara.

S3 sito ne, wato wurin ajiyar fayiloli na kamfanin Amazon a intanet. Ka ga yadda ake ajiye buhun albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas: ka kai buhu, a sa masa lamba, in ka dawo da lambar a ba ka kayanka. Ba dama ka zura hannu ka canza albasa ɗaya, sai dai ka fito da buhun ka mayar da sabo. Haka yake tun da Amazon ta buɗe shi a 2006. Ko folda ta gaskiya babu a ciki. In ka manna shi da s3fs, manhajar da ke nuna S3 kamar faifai, ka canza wa folda mai fayil 10,000 suna, sai ya kwafe kowanne ya goge tsohon, ɗaya bayan ɗaya. Masu tace bidiyo na kamfanin nan ba za su jure wannan ba.

Ceph kuwa, manhajar da ake haɗa ma'ajiya da ita a kan sabar kanka, ina ganin girmansa, amma yana son sabar aƙalla uku, kuma bisa al'ada kwafi uku yake ajiyewa na komai. A Legas, da kuɗin dizal ɗin nan, mutumin ba zai iya ba.

Shi ya sa na zaɓi JuiceFS, tsarin da ke sa a yi amfani da sito irin S3 kamar faifai, wanda aka saki lambobin manhajarsa ga kowa a 2021. Yana yanka fayil gunduwa-gunduwa, kowace ba ta wuce megabayit 4 ba, ya zuba su a sito. Sunan fayil, mai shi, da wace gunduwa ke bin wace kuwa, yana rubuta su a wani littafi daban, a rumbun bayanai irin Redis ko MySQL. Canza suna ya zama gyara layi ɗaya a littafi.

Nan ne nake so ka buɗe kunne. Littafin nan shi ne ran aikin. Na taɓa haɗa wa wani, ban sa Redis ya riƙa rubuta kowane canji a faifai ba, aka ɗauke wuta, batirin inbata kuma ya mace. Na leƙa sito, gunduwoyi na nan cif, amma lambobi ne zalla, ba ka san na wane ne ba. Wallahi gumi ya jiƙe min riga. Abin da ya cece ni, JuiceFS yana kai kwafin littafin sito duk awa ɗaya. Aikin da aka yi bayan kwafin ƙarshe kam ya tafi.

Sai maganar nisa. Cibiyar AWS, wato sashen Amazon mai kula da S3, ta Afirka a Cape Town take tun 2020, kuma zuba kaya kyauta ne, fitarwa ake biya, kuma da dala ake lissafin kuɗin. Don haka za mu sa SSD babba, wato faifai mai sauri, a ofis ya riƙe fayilolin da ake taɓawa kullum, kada komai ya dogara da intanet. Ka tuna 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku, su MainOne da WACS, suka yanke, intanet ta riƙa rarrafe?

Gobe ka zo da wuri. Za ka goge littafin na'urar gwaji da hannunka, ka dawo da shi daga kwafi a gabana, kafin mu nufi Ikeja.