Jini ne ya sa Frankel ya gagara, ko horo?

Tambaya: Malam, na kalli bidiyon wani dokin Ingila mai suna Frankel, aka ce ba a taɓa wuce shi a sukuwa ba. Abokina ya ce gado ne kawai, ni kuwa na ce horo ne. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Abokinka bai yi ƙarya ba, zancen ne bai kai ƙarshensa ba. Frankel ɗan babban gida ne. An haife shi a 2008 a gidan kiwon Juddmonte na Yarima Khalid Abdullah na Saudiyya. Ubansa Galileo ne, wanda ya ci gasar Derby a 2001, uwarsa kuma goɗiya Kind, 'yar Danehill. Ta wajen uwa da ta uba, tsatsonsa na komawa ga ingarman nan na Kanada, Northern Dancer. Barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

To amma ga inda na fi karkata gare ka. Da ƙuruciya Frankel doki ne mai zafin kai, ba ya jin linzami. A gasar 2000 Guineas ta 2011 a filin sukuwa na Newmarket, ana sakin su ya fizge, ya bar saura a baya, ya ci da tazarar tsawon doki shida. Kallo kam ya yi daɗi, sai dai irin wannan gudun kan cinye doki da wuri. A tserensa na gaba a Ascot, da ƙyar ya sha.

Mai horar da shi, Henry Cecil, wanda a lokacin yake fama da ciwon daji, shi ya koya masa haƙuri. Aka riƙa sa ɗan'uwansa Bullet Train a gaba yana jan tafiya, Frankel na biye, mahayinsa Tom Queally na riƙe da shi sai an doshi ƙarshe. A 2012 ya ci gasar Queen Anne da tazarar tsawon doki 11, aka ƙara masa nisa a York ya ci da bakwai. Sau 14 ya fito, sau 14 ya ci.

Ka kuma tuna wa abokinka da Noble Mission, ƙanen Frankel uwa ɗaya uba ɗaya. Doki ne nagari, har ya ci gasar Champion Stakes a 2014, amma an sha wuce shi.