Amsa ga Hajiyar da gyaran gidan haya ya hana ta barci

Assalamu alaikum. Hajiya, na ga tambayarki kan gidan hayar da kika gada: rufi na yoyo, salga ta rufta, 'yan haya sai kira suke ba dare ba rana, har kina tunanin sayarwa ki huta. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kawo sauƙi. Ni ma ina da gidan haya a Kano, ga abin da na gani.

Kada ki sa gidan a kasuwa yanzu. Da dillalai sun ga silin ya jiƙe, sun kuma ji kin ƙosa, sai su yi masa tayin wulaƙanci.

Abin da ke kayar da yawancinmu shi ne kuɗin shekara suna zuwa a dunƙule, sai mutum ya ɗauka duk nasa ne. Kuɗin makaranta, biki, cefanen azumi, kafin ruwan Agusta ya sauka babu ko sisi. Alhali gida ma yana da nasa kason, in ba ki ba shi da daɗi ba zai karɓa da tsiya. Ni ranar da aka biya ni nake cire hayar wata biyu in zuba a asusun da ba shi da kati. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, buhun siminti kuma ya haura naira dubu 10 a farkon 2024, wata biyun ma da ƙyar suke isa.

Ki fara da salgar, domin ita ce haɗari ga yara, kuma in akwai rijiya a tsakar gidan za ta iya ɓata ruwan. Ki sayi siminti da rodi da kanki, ko ki tura ɗanki, magini kuma a biya shi kashi-kashi gwargwadon aikin da ya yi. Wanda ya karɓe kuɗinsa duka tun farko, to sai dai ki riƙa bin sa da waya.

Rufi kuwa a watan Afrilu ake duba shi. Kafinta ya hau ya bi ƙusoshin da suka ɗago, ya canza kwanon da tsatsa ta ci, ya kwashe leda da ƙurar hunturu da suka toshe indararo. Ɗan tabon nan mai launin shayi da kike gani a kusurwar silin, mai yiwuwa katakon da ke samansa ya riga ya fara ruɓewa. Bana dai a toshe inda ya fi zuba, babban aikin ya jira rani.

Maganar kiran dare, rashin takarda ne ke jawo shi. Ku zauna gaban mai unguwa da shaidu a rubuta: ƙwan fitila, kan famfo, makulli da gilashin taga na ɗan haya ne, rufi, salga, tsagewar bango da wayoyin cikin gini naki ne. 'Yan hayar su zaɓi wakili ɗaya, shi kaɗai zai riƙa kiranki, kuma da rana, sai fa in gobara ce ko ambaliya, Allah ya tsare. Tunda kin ce kanki na yawan sarawa, ki daure ki je a auna jininki.

In kuɗin salgar ba su kammala ba, ki nemi mai hali a cikin 'yan hayar ya ba da rabin hayar baɗi tun yanzu, a rubuta a sa hannu, ranar biya a cire masa.