Gaisuwar da muke kai wa Sarkin Asante

Yaya, ka tambaye ni yadda za a yi Musulmi mai rawani ya je Manhyia, fadar Sarkin Asante da ke Kumasi a ƙasar Ghana, ya gaishe da sarkin da ba ya salla, har ka ce ko mubaya'a ce muke yi masa. Tambayar ta yi mini daɗi, don mu 'yan Zangon Kumasi mun saba da abin har ba ma tsayawa mu bayyana shi.

Ka tuna yadda muka zo. Kakanninmu fataken Gwanja ne, goro ya kawo su Salaga, babbar kasuwar goro a arewacin Ghana ta yau. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar a 1892, da yawa suka gangaro kudu. Ƙasar da suka sauka tana da mai ita. Har yau filin da gidanmu yake a kai, da masallacinmu, da maƙabartar da muka binne Baba, duk a ƙasar Sarkin Asante suke. Wanda ya ba ka masauki kuwa, ai ka san ƙofar gidansa.

Su Asantawa abin da suke yi wa sarkinsu ya fi namu nauyi nesa. Idan aka naɗa basarake, sai ya tsaya gaban Otumfuo Osei Tutu na Biyu, wanda ke kan gado tun 1999, ya sauke zanensa daga kafaɗa, ya zame takalmi, ya ɗaga takobin rantsuwa ya yi alkawari cewa ko da dare ko da rana aka kira shi zai amsa, in ba ciwo ya kwantar da shi ba. Wannan ita ce caffa ta gaske, irin wadda hakimai ke yi wa Sarkin Kano, kuma a wurinsu tana ɗaure da Kujerar Zinariya, wadda suka yi imani ran al'ummarsu yana cikinta. Saboda ita suka yi yaƙi da Turawan Ingila a 1900, Yaa Asantewaa, sarauniyar garin Ejisu, na gaba, bayan gwamnan Turawan ya nemi a kawo masa ita ya zauna. Ko sarkin kansa ba ya zama a kanta.

Namu kuwa gaisuwa ce. Kowane kwana 42 ana bikin Akwasidae. Abin da ake yi da safe a ɗakin kujerun kakanninsu ba ruwanmu da shi, ba ma shiga, ba a kuma taɓa ce mana mu shiga ba. Sai sarki ya fito ya zauna a ƙarƙashin laima, sannan Sarkin Zango da jama'arsa su bi layi cikin manyan riguna. Ana gaisawa daga dama zuwa hagu, magana kuma ta bakin okyeame take bi, mai sandan nan da ke isar da zance tsakanin sarki da baƙo. Ni nakan zame takalmina in rusuna, kamar yadda nake yi wa kowane babba. Goshina bai taɓa kusantar ƙasa ba, ba wanda ya taɓa neman haka daga gare ni.

Amfaninta yana fitowa ne ranar da rigimar fili ta tashi, ko samarinmu suka yi faɗa da nasu. Sarkin Zango yana da fuskar da zai shiga fada a saurare shi, don an san shi tun ranar da babu damuwa. In Allah ya kawo ka Kumasi, ka daidaita zuwanka da Lahadin Akwasidae, in ara maka rawani mu tafi tare.