Kwatanta labarin Yesu a zuci: almajiranci ne ko ruɗin kai?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kwatanta labaran Yesu a zuci lokacin addu'a yana canza mutum, ko kuwa ruɗin kai ne. Hanyar tsohuwa ce. Ignatius na Loyola, wani malamin Kirista mutumin Sifen, ya koyar da ita tun ƙarni na 16.

Ga yadda nake yi. Nakan buɗe Markus 10, labarin Bartimawas makaho a bakin hanyar Yariko yana kiran Yesu, in karanta sau biyu, in lumshe ido. In ji ƙura, in ji taro suna tsawata masa ya yi shiru. Ranar farko, cikin masu tsawatarwar na tsinci kaina. Abin ya tsaya min a rai, har na je na nemi gafarar ƙanena da nake yawan katse wa magana. Sabunta hankalin da Romawa 12:2 ke faɗa ke nan.

Sai dai kada ka ɗauki duk abin da ya faɗo maka a matsayin wahayi, auna shi da Nassi. In ba ka ga komai ba, kada ka takura kanka. Idan kuwa abin yana tono maka tsohon ciwo ko tsoro, ka zauna da fastonka, ka ga likita in barci ya ƙaurace maka.