Amsa Ga Ƙanena Mai Shirin Zuwa Karatu Amurka

Assalamu alaikum, ƙanena. Ina fatan kai da Inna da sauran mutanen gida a Ringim kuna lafiya. Ka tambaye ni ɓangaren da ya kamata ka jingina da shi idan ka iso, tunda kullum kana jin rediyo na ambaton masu ra'ayin mazan jiya da masu sassaucin ra'ayi da masu matsakaicin ra'ayi.

A nan, mai ra'ayin mazan jiya galibi ɗan jam'iyyar Republican ne, yana son a rage haraji, gwamnati ta tsame hannunta daga kasuwa, a bar wa mutane bindigoginsu, a tsaurara shige da fice, a hana zubar da ciki. Mai sassaucin ra'ayi, wanda ya fi karkata ga Democrat, yana son gwamnati ta tallafa wa marasa galihu da magani da abinci, yana kare baƙi da tsiraru, amma kuma yana goyon bayan auren jinsi, wanda Kotun Ƙoli ta halatta a 2015.

Nan gizo ke saƙa ga irinmu. In ana zancen tarbiyya da aure, za ka ji bakinka ya zo ɗaya da mai ra'ayin mazan jiya, alhali gwamnatin Trump ta Republican ce ta sanya Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa bizar zama a 2020, sai da Biden ya hau a 2021 ya soke. Mai matsakaicin ra'ayi kuwa ba shi da jam'iyya tasa, yana ɗaukar wani abu nan, wani can, kuma a ganina da yawa daga Musulmin da muke sallar Juma'a tare nan suka faɗa, ko ba su furta ba.

Kada ka auna lamarin da rikicin NEPU ta Malam Aminu Kano da NPC da Baba ke ba mu labari, domin can talakawa da sarauta ake magana. Ko a Ingila ma, jam'iyyar Conservative ta masu ra'ayin mazan jiya tana goyon bayan tsarin asibitin kyauta da aka kafa a 1948, abin da takwaransu na Amurka zai kira gurguzu.

Makon farko a jami'a za ka tarar da ɗalibai 'yan ƙungiyoyin siyasa sun jera tebura suna miƙa takardu. Ka karɓa, ka tambayi matsayinsu kan ɗaliban waje, domin bizar ɗalibi ba ta ba ka damar jefa ƙuri'a.