Me ya sa aka rage mini maki don na yi amfani da inv?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a fannin injiniyan lantarki, aji uku. A wani aiki na MATLAB, manhajar lissafi, na warware Ax = b da x = inv(A)*b, amsa ta fito daidai, amma malaminmu ya rage mini maki, wai in rubuta x = A\b. Ai a lissafi duk ɗaya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. A kan allo duk ɗaya ne, amma a cikin kwamfuta akwai bambanci, kuma malaminku ya yi gaskiya.

Idan kika kira inv, kin sa na'ura ta nemo kishiyar (inverse) matiriks ɗin, wato jadawalin lambobin A, gaba ɗayanta, alhali amsar b guda ɗaya kike so. Kamar mai son kwano ɗaya na gero ce ta sa a sussuke rumbu dukansa. Aikin ya kai kusan ninki uku na abin da A\b zai yi. A matiriks mai layi uku ba za ki lura ba, amma ki gwada da A = rand(3000), ki sa tic da toc, umarnin auna lokaci, ki ga lokacin da kowanne ya ɗauka.

Karkatacciyar sandar da ke cikin A\b kuwa tana fara duba fasalin A kafin ta zaɓi hanya. In duk lambobin da ke ƙasan dayagonal sifili ne, sai ta bi daga layin ƙarshe tana maye gurbi har sama. In ɓangarorin biyu na dayagonal sun yi daidai, tana gwada hanyar Cholesky, wadda ke raba irin wannan matiriks gida biyu masu sauƙin warwarewa. In ba haka ba, sai LU, hanyar rabawa ta gama-gari. In layuka sun fi ginshiƙai yawa, kamar bayanan da kika auno a ɗakin gwaji, sai ta bi wata hanyar rabawa mai suna QR ta ba ki amsar da kuskurenta ya fi ƙanƙanta, inda inv ma ƙin aiki zai yi. Dama don irin wannan Cleve Moler ya rubuta MATLAB a ƙarshen shekarun 1970 a Jami'ar New Mexico ta Amurka, domin ɗalibansa su mori LINPACK da EISPACK, tarin shirye-shiryen lissafin matiriks, ba sai sun koyi harshen kwamfuta na Fortran ba.

Sai batun daidaito, wanda ni ya fi damuna. A kowace lamba kwamfuta tana riƙe alƙaluma kusan 16 ne kawai, sauran ta yar. Ki ɗauki A = hilb(10), wato matiriks ɗin Hilbert mai layi goma, ki warware ta hanyoyin biyu, ki kwatanta norm(A*x-b), wato girman tazarar da ke tsakanin A*x da b. Yawanci na inv ya fi girma sosai. Sai dai A\b ma ba ya gyara matiriks mai matsala: cond(hilb(10)), ma'aunin yadda matiriks ke ruɓanya ƙaramin kuskure, ya haura 10^13, wato alƙaluma kamar uku kaɗai za ki iya dogara da su a amsar. Shi ya sa in gargaɗi ya fito yana ambaton RCOND, wato alamar cewa matiriks ɗin yana da irin wannan matsalar, kada ki yi watsi da shi.

In ba ki da lasisin MATLAB a kwamfutarki, GNU Octave kyauta ne, kuma duk waɗannan umarnin suna aiki a cikinsa.