Tambayi Inna: Tallafin Lafiya da Ya Ambaci Masu Neman Jinsinsu, Mu Karɓa ko Mu Bari?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Inna. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, kuma ina cikin wata 'yar ƙungiya da ke wayar da kan jama'a game da ƙanjamau da tarin fuka. Wata babbar ƙungiya ta turo mana takardar neman tallafi daga wata gidauniya ta ƙasar waje. Da muka karanta sai muka ga cikin waɗanda za a yi wa aikin har da maza masu neman maza da mata masu neman mata. Tun ranar muke ta gardama. Wasu sun ce kuɗin yaɗa luwaɗi da maɗigo ne, wasu sun ce kuɗin magani ne kawai. Ni dai tsoro nake ji, ga shi kuma asusunmu babu ko sisi. Me za mu yi? Daga wata mai karatu a ƙaramar hukumar Jega.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata. Tsoronki yana da tushe, kuma gardamar da kuka yi ta fi mini shirun da wasu ƙungiyoyi kan yi, su sa hannu a takarda ba su karanta ba. Tun da aka yi ta ce-ce-ku-ce kan yarjejeniyar Samoa da Najeriya ta sa wa hannu da Tarayyar Turai a 2024, har gwamnatin tarayya ta fito ta musanta cewa akwai batun auren jinsi a ciki, duk takardar da ta fito daga waje ana yi mata kallon zargi a garuruwanmu.

Bari mu fara da dalilin da ya sa ake ambaton waɗannan mutane. Babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da ƙwayar HIV a Najeriya, jimillar masu ɗauke da ita kuwa wajen mutum miliyan 1.9, kuma yankinmu na Arewa maso Yamma yana ƙasa da wannan matsakaicin. Amma binciken da aka yi a 2014 a tsakanin maza masu neman maza ya sami kusan kashi 23 cikin ɗari. Dubi tazarar nan da kyau. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin rukunin da suka fi fuskantar haɗari, tare da masu sana'ar karuwanci, da masu allurar ƙwaya, da fursunoni. Ita kanta NACA, hukumar gwamnatin tarayya mai yaƙi da ƙanjamau, ta san da waɗannan rukunoni a tsare-tsarenta. Manyan masu zuba kuɗin su ne Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, wanda aka kafa a 2002 da hedikwata a Janeba, sai shirin PEPFAR na Amurka da Shugaba George Bush ya ƙaddamar a 2003. Akwai kuma gidauniyoyi masu zaman kansu, irin wadda mawaƙin Ingila Elton John ya kafa a 1992.

Na yi aikin jinya har na yi ritaya, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai ɗakin awon ciki ne. Yarinya ce za ta zo da cikin fari, hijabinta har ƙasa, katinta naɗe a leda, uwar miji na zaune a benci tana jiranta. A ɗiga jininta a kan 'yar takardar gwaji, layi biyu su fito, alamar tana ɗauke da HIV. Ta rantse miki ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai mijinta, kuma kin san gaskiya take faɗa. Ban taɓa tambayar ta ina mijin ya samo ba, ba aikina ba ne. Abin da na sani shi ne a ƙasarmu kusan kowane namiji yana aure, har da wanda ke neman maza a ɓoye. In ya ji tsoron zuwa asibiti, shi ne zai fara kwanciya, sannan matarsa, sannan jaririn da ke goye. In kuwa an gwada shi da wuri, ya riƙe shan ƙwayar maganinsa guda ɗaya kullum har ƙwayar cutar ta daina bayyana a gwajin jini, ba zai sa wa matarsa ba. Shi ma ɗan wani ne, ransa yana da daraja ko da bai da mata. Ni Musulma ce, kuma ban taɓa jin malamin da ya ce a bar mara lafiya ya mutu don ana zarginsa da zunubi ba.

Sai dai doka tana nan, kuma ba zan ɓoye miki nauyinta ba. Dokar hana auren jinsi da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta yanke shekara 14 ga masu irin wannan aure, da shekara 10 ga wanda ya yi rajista ko ya tafiyar da ƙungiyar masu neman jinsinsu, ko ya tallafa mata. Kebbi kuma tana cikin jihohi 12 masu aiki da shari'ar Musulunci. A ɗaya ɓangaren, a wannan shekarar ta 2014 aka kafa dokar hana nuna bambanci ga masu ɗauke da HIV, da dokar lafiya ta ƙasa wadda ta wajabta riƙe sirrin mara lafiya. Gwada jini da ba da magani aikin asibiti ne, ana yi wa duk wanda ya zo. Wani bincike da aka yi a Abuja ya nuna bayan dokar auren jinsi tsoron zuwa asibiti ya ƙaru a tsakanin irin waɗannan maza, abin da ya ƙara wa ma'aikatan lafiya wahalar isa gare su.

Saboda haka ku koma kan takardar ku bi ta layi-layi, musamman shafin kasafi. Tallafi iri-iri ne. Wani na kayan gwaji ne, da kwaroron roba, da kuɗin motar kai samfurin jini, da alawus ɗin masu wayar da kai. Wani kuma na kafa ƙungiya ne da fafutukar sauya doka, kuma shi ne zai iya haɗa ku da kotu. Ambaton mata ma ya kamata ku nemi bayaninsa, domin yaɗuwar HIV daga mace zuwa mace ba ta da yawa, aikin da akan yi musu ya fi karkata ga gwajin sankarar bakin mahaifa, da kula da masu damuwa, da waɗanda aka ci zarafinsu. Ku kai takardar gaban lauya kafin kowa ya sa hannu, ku kuma sanar da hukumar yaƙi da ƙanjamau ta jiha a Birnin Kebbi. In babu rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da takardar SCUML, sashen EFCC mai yaƙi da halatta kuɗin haram, ku fara da su, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali sunaye ne. Mai ba da tallafi zai nemi rahoto: mutum nawa aka gwada, nawa aka ɗora kan magani. Adadi yake bukata, kuma aikin ƙwarai da lamba ake rubuta mutum. A gari irin naku, mai ajiye kati maƙwabcin wani ne, surukin wani. Littafi ɗaya aka manta a kan tebur, ko hoto ɗaya aka tura a WhatsApp, ya isa a yi wa mutum rotse ko a riƙa tatsar kuɗinsa da barazana. In kun san ba ku da durowa mai makulli da ma'aikatan da ke iya kame bakinsu, to ku bar wannan tallafi ko nawa ne. In kuma sharuɗɗan sun amince ku buɗe ƙofa ga kowa da kowa, ba tare da allon da zai nuna wane ne ya shiga don me ba, kuma lauya ya ce babu matsala, ni zan karɓa.

Kada kuma ku ɗora ƙungiyarku kacokan kan kuɗin waje. A Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya dakatar da tallafin Amurka, daga baya aka rufe USAID, hukumar ba da agaji ta Amurka, har gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen maganin HIV. Ku tambayi babbar ƙungiyar a rubuce: in kuɗi ya yanke, wane asibitin gwamnati zai ci gaba da ba mutanen nan magani?

TAMBAYA: Inna, wani ya kira ni ya ce zai sa ƙungiyarmu cikin jerin masu cin tallafin Asusun Duniya, amma sai mun biya kuɗin fom. Daga wani mai karatu a Yauri.

AMSA: Ɗana, damfara ce. Asusun Duniya ba ya sayar da fom, kuma ba ya tura kuɗi kai tsaye ga ƙananan ƙungiyoyi irin taku. Akwai kwamitin ƙasa da ke tsara buƙatar Najeriya, kuɗin ya bi ta manyan masu karɓa, su kuma su tallata neman ƙananan abokan aiki a fili. Kada ka tura masa ko naira ɗaya, kada kuma ka ba shi takardun rajistarku. Ka ajiye lambar da ya kira ka da ita, ka kai rahoto ga EFCC.